Kwaɓin Toka da Jar Ƙasa

Tsohon Cokali ake kiransa a unguwa, saboda tun yana saurayi cokalin gini bai rabu da hannunsa ba. Rabin katangun layinsu shi ya ɗora su. Da gwiwoyi suka gaza hawa tsani, sai ya dawo zaman ƙofar gida, yana gyara wa kowane magini aiki daga nesa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Matar ɗansa na biyu injiniya ce a wani kamfanin kayan gini. Wata safiya ta shigo da buhuna a bayan mota, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, aiki na kawo maka. Katanga nake so ka ɗora mini, amma babu siminti."

"To da me? Da yawu?"

Ta yi dariya ta kwance buhu. Toka ce mai laushi kamar hoda, irin wadda tashar lantarki ke zubarwa bayan ta ƙona kwal. Ta ce idan aka haɗa ta da wani ruwan sinadari mai kaifi, kamawa take kamar dutse. Abin da suke gwadawa yanzu shi ne a sa ƙasar wuri maimakon yashin rafi, wanda kullum nisa yake ƙarawa. A ɗakin gwaji ƙananan curi kawai suke yi. Tana so ta ga yadda kwaɓin zai bi hannun magini.

Tsohon ya murza tokar a yatsu, ya ce zai yi ne don kada a ce ya kunyata suruka.

A bayan gida suka haƙo jar ƙasa, suka shanya, suka tankaɗe da rariya. Ta miƙa masa safar hannu ta roba, ya ture.

"Hannun da siminti bai cinye ba?"

Kafin rana ta take, yatsunsa sun yi ja suna zogi. Matarsa ta zuba masa ruwa har ya ji sanyi, tana cewa, "Kunnen ƙashi dai ba ya tsufa." Washegari da kansa ya nemi safar.

Katangar farko ba ta yi kyau ba. Kwaɓin ya yi danƙo, yana manne wa cokali, da ya bushe kuma ya tsattsage kamar diddige. Surukar ta tsaya tana kallo, ranta a ɓace.

"Yumɓu ya yi yawa a ƙasar nan, Baba. Sai na rage ta, in dawo da yashi kaɗan."

"Ki ƙara ruwan naki ma, 'yata. Tauri yake yi tun ban gama shimfiɗawa ba."

Suka rushe, suka sake. Ita tana aune-aune, shi yana zaune kan kujera yana jera bulo daidai ƙugu. Wannan karon kwaɓin ya kwanta lumui, launinsa ja-ja kamar tukunya. Damina ta zo ta dake shi son ranta, bai ko zubar da gari ba. Tsohon ya ɗauko guduma ya gwada. Bulon ne ya fashe, kwaɓin na nan daram.

Da yamma ɗan nasa, mijin injiniyar, ya zo.

"Kai dai ka iya zaɓe," ya ce masa. "Ban san inda ka gado ba."

Yanzu kamfanin na aiko mota lokaci-lokaci a ɗauke shi, ya nuna wa maginansu yadda ake sarrafa sabon kwaɓin. Yakan sa rigarsa mai kyau, ya zauna gaba, ya hana direba gudu. In ya dawo, jikoki ne ke shan labari, har ƙaramar ta fara roƙon a gina wa kajinta ɗaki mai taga.