Haƙori Ɗaya: Daga Ringim Zuwa Ƙofar Ruwa

Litinin, fitowa

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame Asuba, na ɗaura buhuna a bayan babur muka kama hanyar Ringim. Abin da ke cikin buhun kan aksul ne na gaba, wato tukunyar ƙarfen nan da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. Daga jikin a-kori-kurar marigayi mahaifinmu aka kwance shi, tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda ita kaɗai ke iya ratsa yashin rafinmu ta kwaso albasa daga fadama.

Karo na uku ke nan cikin shekara biyu da haƙoran wannan ƙarfe ke kakkaryewa. Yaya Habu, babban wanmu, ya gama yanke hukunci: laifin direba ne. Baba Ilu kuwa, direban, shekara ashirin da wani abu yana riƙe da sitiyarin motar nan, tun mahaifinmu na da rai. Yaya ya ce da zarar na dawo da sabon ƙarfe zai miƙa makulli ga wani mai jini a jika. Shi Baba Ilu maganarsa ɗaya ce kullum, wai motar faɗa take yi da kanta, gaba na ja baya na turjewa. Dariya muke masa, har da ni.

Ringim zuwa Kano

Na sha koko da ƙosai a tasha, motarmu ta tashi bakwai saura minti goma. Kwandasta ya ɗaga buhun ya dire, ya ce wannan kuɗin kujera guda zai biya, don ya fi wasu fasinjojin nauyi. Ban ja da shi ba. Kafin Gezawa muka tarar da shinge, wani jami'i ya leƙa buhu, ya ga giris baƙi ƙirin, ya janye hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Tafiyar kilomita saba'in da 'yan kai ce, amma sai tara da rabi muka sauka 'Yankaba. Daga nan na hau adaidaita sahu.

Ƙofar Ruwa

Wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa ba zai ɗauka duk motocin duniya nan suke zuwa mutuwa. Giyabos a jibge kamar tulin doya, farfela, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyin inji ga aksul, a jingine da bango layi-layi. Kowa na tafe da nasa mataccen ƙarfen a hannu, domin al'adar wurin ke nan: ka kawo samfur, a ɗora a kan irinsa, in ido ya ce daidai ne a yi ciniki. Haka na yi sau biyu a baya, kuma haka na zo yi yau.

Shago biyu suka nuna mini irinsa sak. Na kusa biya, sai ƙwanƙwasar zuciya ta sa na tambayi mai shagon me ke sa ƙarfe mai kauri haka ya riƙa karyewa. Ya ce shi sayarwa ya iya, in tambaya nake so in je lungu na uku wurin Alhaji Sabo, amma in tafi da haƙuri, domin tsohon ba ya sayar da kaya sai ya yi wa mutum jarrabawa.

Na same shi zaune a kan tsohon giyabos yana cin gurasa. Bai ko dubi fuskata sosai ba. Ya sa aka buɗe ƙarfen, ya goge babban faifan haƙoran da ke ciki da tsumma, ya ɗiga alli a haƙori ɗaya, ya bi su yana ƙirgawa da ɗan yatsa kamar mai jan carbi. Arba'in da ɗaya. Ya koma kan ƙaramin da ke juya shi, tara. Ni dai na tsuguna ina kallo, don ban taɓa sanin ana ƙirga haƙoran mota ba.

"Malam, na gaba ka kawo mini. Na baya fa, nawa ne nasa?"

Na ce na baya lafiyarsa ƙalau, ni da kaina na saye shi shekara biyu da suka wuce, na gwanjo, a araha. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya tambaya ko karyewar ta fara kafin sayen ko bayansa. Na yi lissafi, sai na ga bayan sayen ne.

Ya ce in kira gida. Yaya Habu ya ɗauka, Baba Ilu na kusa. Alhaji ya karɓi wayar ya shiga ba da umarni: a tare tayoyi da dutse, a cire giya, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a yi alama da gawayi a jikinta, a yi wata a jikin farfela. Mutum ɗaya ya juya tayar sau biyu cif, ɗayan ya kwanta ƙarƙashi ya ƙirga juyin farfela. Babu kowa a wurin sai su biyu, don haka Yaya, da babbar rigarsa, shi ya durƙusa yana murza taya. Muna jin nishinsa ta waya.

Can muka ji muryar Baba Ilu daga ƙarƙashin mota: "Huɗu ne, da ɗan ɗigo a kai."

Alhaji ya ce a sake, aka sake, amsa ba ta canza ba. Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki alli ya yi mini karatu a jikin ƙofar shago. Na gaba huɗu da rabi yake juyawa, na baya huɗu da ɗigo, domin ƙaramin na baya haƙorinsa goma ne, ba tara ba. A cikin yashi tayoyi na ɗan sulɓewa, rigimar ta ɓoyu. Da an hau ƙasa mai tauri da lodi, ƙafa huɗu na ja, sai wanda ya fi rauni ya karye.

"Direbanku ba ƙarya ya yi ba," in ji shi. "Ko sau goma ka kawo samfur, sau goma za a ba ka daidai, ka koma ya karye."

Kunya ta rufe ni. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara biyu ina hango na dattijo.

Ya zaɓo mini kan aksul biyu, gaba da baya, ya sa na ƙirga haƙoransu da hannuna. Ya ce masu tara sun fi dacewa da lodi da yashi, ko da gudun titi zai ɗan ragu. Ya ƙara da kuros, wato mahaɗan farfela, masu bakin zuba giris, maimakon rufaffun da muke sawa. Ciniki bai ƙare ba sai bayan La'asar.

Ƙofar Ɗan Agundi da Kurmi

A Ƙofar Ɗan Agundi, gidan Gwaggo Asabe na sauka, ƙanwar mahaifinmu. Ta cika ni da tuwon shinkafa da miyar taushe, ta saurari labarin, ta ce ai Ilu ne ya ɗauko gawar ɗan'uwanta daga asibiti a wannan motar, kuma shi ya fi kowa kuka. Da safe na bi ta Kurmi na sayi hula zanna mai kyau, na san ba ta isa ba, amma ban san me zai isa ba.

Talata, komawa

Buhu biyu yanzu, kujera biyu. Mun bar 'Yankaba sha ɗaya, na shiga gida ana kiran La'asar. Na tarar da su Yaya Habu a gindin darbejiya, motar na kan jak, alamar gawayi na nan a tayarta. Na zauna na faɗi komai a gaban jama'a, ban rage ba, na miƙa wa Baba Ilu hular na ce ya yafe mini. Ya juya ta a hannu, ya ce shi ji yake yi a kujera, bai dai iya ƙirga shi ba.

Yaya Habu ya miƙe. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin da ya karɓe tun ranar da motar ta tsaya, ya sa a cikin hular.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da Alhaji Sabo. Ranar Juma'a aka gama ɗauri, kuma Baba Ilu ne ya ratsa rafi da albasar farko, ni ina baya a kan buhuna.