Kwalbar da Alhaji ya ce in nemo masa

Na zauna a ƙasashe da dama, na manta tituna da fuskoki ba iyaka, amma wata liyafar rana a Landan ta ƙi barina, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

Zamanin kuɗin fetur ne, lokacin da kowace ma'aikata a gida take turo tawaga sayayya. Ni ina aikin tafinta a wani ofishi kusa da Charing Cross. Kirista ne ni, haifaffen Wusasa, saboda haka in manyan Arewa suka zo da ni ake haɗa su: Hausarmu ɗaya, ga shi na san abincin Turawa. Wannan karon shugaban tawagar wani dattijon Alhaji ne, tsohon malamin makaranta, an turo shi sayen injinan ban ruwa. Tun ranar farko ya kafa mini doka: "Ɗan Wusasa, kai ne bakina. Abin da ka ce in ci, shi zan ci." Kwana shida ina duba masa kowane faranti, ina korar naman alade da miyar da aka ɗiga wa giya. Har tsokanata yake yi, wai Allah ya haɗa shi da ɗan coci mai gadin tukunya.

A kwana na bakwai Bature mai kamfanin injinan ya gayyace mu cin abinci. Da aka kwashe kwanuka sai ya fito da wata 'yar kwalba da hannunsa, ya ce mahaifinsa ne ya ajiye ta tun shi yana saurayi. Farar giyar inabi ce, irin wadda ake barin inabin a jikin itace har ya yamutse, zaƙinsa ya tattaru, sannan a tsinka. Daɗewa ta mai da launinta kamar soyayyen man shanu. Ya zuba wa kowa a ɗan ƙaramin kofi. Na sha irinta a Faransa, na sha a Jamus, ban taɓa gamuwa da kamarta ba. Ƙamshin zuma ne ya fara bugun hanci, sai busasshen dabino, sai ɓawon lemo da ya ji wuta. A baki tana da kauri, tana gangarawa a hankali, kafin zaƙin ya gundure ka sai wani ɗan tsami irin na tsamiya ya zo ya wanke shi. Na lumshe ido. Wannan lumshewar ce ta jawo komai.

Ko da na buɗe, Alhaji ya sha rabin nasa. A saninsa giya ɗaci gare ta da wari, kamar burkutun bayan gari. Abin da ke ƙamshin zuma, a ɗan mitsitsin kofi, ai ba zai zama ita ba. Kuma ya ga ban hana ba.

"Ɗan Wusasa, wannan zumar tasu ta fi tamu. Babu komai a ciki ko?"

Baturen yana murmushi, takardun da za a sa wa hannu suna kan teburin gefe. A zuciyata na hango Alhaji ya miƙe a fusace, ciniki ya watse, sunana ya shiga rahoto. Na ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ya shanye, ya yi hamdala.

Da a nan ta tsaya, wataƙila da na binne ta. Muna gangarowa titin Northumberland Avenue ana yayyafi, sai ya dafa kafaɗata. "Gobe ka nemo mini kwalba biyu. Azumi ya ƙarato, Hajiya tana son abin zaƙi wajen buɗa baki."

Na tsaya, na ce, "Baba, giya ce."

Bai ɗaga murya ba. Ya ciro hankici ya goge leɓensa, ya sake gogewa, ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a zuba."

"Da na tambaye ka fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara sittin da huɗu bakina bai san ta ba," in ji shi. "Rabin farko kuskure ne, na yafe maka. Rabi na biyu kai ka ba ni."

Ya tsallaka titi shi kaɗai, mutumin da bai taɓa tsallakawa ba sai ya riƙe hannun rigata. Sauran kwana ukun a kan shayi ya yi su, da dafaffen ƙwai da yake ɓarewa da hannunsa. Kullum yana gaishe ni, amma "Malam tafinta" na koma. Bayan ya tafi na rubuta masa wasiƙa biyu, ba amsa. Ina shirin ta uku na ji rasuwarsa.

An sha miƙo mini irin wannan giya tun daga nan. Addinina bai hana ni ba, maƙogwarona ne ya ƙi. Abin da na koya a makare shi ne, wanda ya damƙa maka amanar bakinsa, gara ya ji kunya a gaban baƙi da gaskiyarka, da ya yi hamdala a kan ƙaryarka.