Yadda Maigidana Ya Shiga Sana'ar Raino

Lokacin da muke zaune a Port Richmond, can ƙasar waje, farkon shekarun casa'in, raino nake yi a gida. Matan cocinmu, yawancinsu nas-nas, sukan ajiye mini 'ya'yansu da safe su kama jirgin ruwa zuwa aiki, sai yamma su zo ɗauka. Maigidana kuwa a ɗakin gwajin jini yake aiki, kuma a wajensa abin da nake yi ba sana'a ba ce. In baƙo ya tambaya sai ya ce, "Ai ita tana gida, tana ɗan taya mutane riƙon yara." Da wannan 'yar tayawar ake sayen kajin da yake ci, amma bai taɓa tambayar kaza asalinta ba.

Abu biyu yake gadi kamar ransa: hita da falo. Ana sanyi mai yanke kunne zai zo ya rage hita, ya ce yara su ƙara riga, kamfanin gas ba na ubansa ba ne. Falo kuma kullum a kulle, kujeru cikin ledarsu, ana jiran manyan baƙi daga ofishin jakadanci waɗanda ba su ma san da zamanmu ba. Ni da yara muna cunkushe a ɗakin cin abinci.

Wata shekara ya tafi da ni wajen mai cika mana takardun haraji, wani ɗan Zango daga Ghana. Da mutumin ya ji abin da nake yi, sai ya ajiye biro.

"Yallaɓai, madam shi na raino a gida? Ai kana asara. Kuɗin wuta, gas, ruwa, duk ana cire wani kaso daga abin da za a sa wa haraji."

Maigidana ya gyara zama. "Kaso nawa?"

"Ya danganta da faɗin wurin da yara ke amfani da shi, da yawan awoyin da suke yi."

"Har falo?"

"In dai yara na shiga kullum."

Ba mu koma gida ba sai da ya sayi tef ɗin awo. Ya auna kicin, ya auna banɗaki, har lungun da muke ajiye tsintsiya. Washegari da hannunsa ya buɗe falo, ya tsaya a ƙofa kamar mai karɓar baƙin biki. Ya kuma murɗa hita har ƙarshe.

"Bari su ji ɗumi, Maman yara. Gwamnati ce za ta biya."

Na ce, "Baban yara, kaso fa mutumin ya ce, ba duka ba."

"Ke ba ki san lissafi ba."

Na ƙyale shi. Ɗumin dai ni ma ina so.

Cikin sati guda yara suka ɓarke ledar kujerun, wani ya zana mota a bango, wata ta tsula fitsari a kafet. Ya dawo ya gani, ya ce kasuwanci sai da haƙuri. A coci kuma labari ya canza. "Muna da 'yar sana'ar raino," yake cewa, har yana ba maza shawara kan haraji.

Sai maganar awoyi ta shiga kansa. Ba tare da ya tambaye ni ba, ya yi wa wata mai tagwaye alkawari, da wasu mata biyu, cewa mun fara karɓar yara ranar Asabar. Asabar kuwa ita kaɗai ce ranar da nake miƙe bayana.

Ranar ta zo, iyaye suka sauke yara suka tafi. Na yi wanka, na ɗaura ɗankwali, na rataya jaka.

"Ina zuwa?"

"Canal Street. Takalmi nake so."

"Yaran fa?"

"Ai kai ka karɓe su, abokin sana'a. Madara na firji. Tagwayen ba sa kuka tare, karɓa-karɓa suke yi."

Na zaga shagunan Canal Street a tsanake, na taya takalman da ba ni da niyyar saye, na tsaya hira da wata 'yar Nijar mai sayar da jakunkuna. Da la'asar na dawo na tarar da shi zaune a ƙasa, singileti jiƙe da gumi, koko a gira. Ya ɗaura wa ɗaya daga tagwayen nafkin a baibai, ɗayan kuma ya goya shi da zanin teburi, ƙullin yana kan maƙogwaronsa. Bai ce mini sannu da zuwa ba. Ya ce, "Haka suke kullum?"

Na ce, "A'a, yau sun ji kunyarka."

Daga ranar aka soke Asabar.

Da lokacin haraji ya zagayo, rangwamen ya samu, amma bai kai rabin mafarkinsa ba. Ya duƙa wajen ɗan Zangon, ya rage murya, ya tambaya ko man zafin da yake shafa wa bayansa tun waccan Asabar zai shiga lissafi.

Mutumin ya dube shi ta saman tabarau. "Yallaɓai, sunanka ba shi cikin sana'ar. Kai dai kana ɗan taya madam ne."