Karkataccen Kibod na Bashira Taifis

Duk wanda ya taɓa shiga ma'aikatar nan a zamanin soja ya san Bashira Taifis tun kafin ya gan ta, don daga bakin baranda ake jiyo ta. Tafireta take daka kamar mai sussukar gero. 'Yar Ƙofar Guga ce, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ba ta da arhar dariya a wurin aiki. Ka kawo mata rubutun hannu mai kama da tonon kaza, sai ta miƙo maka abinka ta ce ka je ka koyo riƙon biro tukuna. Haka take yi wa masinja, haka take yi wa darakta, kuma duk suka haƙura da ita saboda takardarta ba ta dawowa gyara.

Tun Katsina na ƙarƙashin Kaduna ta shiga aikin gwamnati, tana budurwa. A kan kujerar nan ta bakin taga ta yi aure, ta yi goyo, ta yaye, har ta aurar da babbar 'yarta. Dukan da take yi wa tafireta kuwa ba mugunta ba ce, aikin ne ya koya mata. A lokacin takardu ake jerawa da kabon a tsakaninsu, in ba ka daki harafi da ƙarfi ba, ta can ƙasa fari fat za ta fito. Soja kuma ba ya jin "yi haƙuri". Kuskure ɗaya, a sake shafin tun daga bisimilla, mai kaki na tsaye a kanka yana duba agogo.

Da aka dawo mulkin farar hula sai ga kwalaye ana ta shigowa da su, wai kwamfuta. Tsofaffin taifis maza da suka yi shekaru suna cika baki, wani ya nemi canjin wuri, wani ya tsiri ciwon ido. Bashira ta ja kujera ta zauna gaban abin, ta ce ai ba aljani ba ne, mutum ya ƙera shi. Ba a jima ba ta iya. Kanta ya koya sarai, amma hannun ya ƙi ji. Kibod ɗin kwamfuta taɓawa kawai yake so, ita kuwa sai ta ɗaga yatsa ta sauke masa kamar da, ga shi shimfiɗaɗɗe a matse, dole ta haɗe hannuwa wuri guda ta karya wuyansu waje, kafaɗu a ɗage tun safe har la'asar.

Ciwon ya fara da wuyan hannun dama. Daga nan ya hau gwiwar hannu, ya je ya tare a kafaɗa ya yi gida. Yatsu uku suka riƙa mutuwa, ta ɗauki kofin shayi ya suɓuce. Maƙwabta suka ce sanyi ne, aka sha jiƙo. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Wata ƙawarta ta rantse da Allah hannu aka sa mata a ofis, don kujera kusa da darakta ba ta rasa mahassada. Har ta kai ɗaurin ɗankwali ya gagare ta, sai mijinta Malam Ummaru tela ke ɗaura mata da safe, yana yi yana tsokanarta wai a tsufansa ya zama mai kwalliyar amare. Ita ko murmushi ba ta yi, don abin yana cin ranta ƙwarai.

Daraktanta Alhaji Lawal ya lura. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda za su yanka ka suna tambayar lafiyar iyali. Ya kira ta, suka gaisa har da tambayar jikoki, sannan ya ce ya ga aiki na yi mata yawa, ga yara masu difloma a kwamfuta ana ta turo masa daga sama, ko za ta koma rajista ta huta. Rajista fa! Ɗakin ƙasa ne mara taga inda ake jibge tsofaffin fayil da tsofaffin ma'aikata su ƙarasa tare. Bashira ta ce ta gode da kulawa, amma ba ta gaji ba, ranar da ta gaji da bakinta za ta faɗa. Ta fito zuciyarta na tafasa, ta san an fara auna kujerarta.

Wata likitar gashin ƙashi ce a asibiti ta gano bakin zaren. Ba ta yi gaggawar rubuta magani ba, sai ta ce Bashira ta ɗora hannu a kan tebur yadda take yi a ofis. Da ta gani ta kama wuyan hannun ta miƙar da shi, ta ce haka Allah ya halicce shi, a miƙe, ita kuma tana karya shi wuni guda tana kuma duka a kai. Ta ce in aka ci gaba a haka, wata rana ko allura ba za ta riƙe ba. Ta ba ta shawara ta sauke kafaɗa, ta daina duka, ta riƙa tashi tana miƙewa, kuma ta nemi wani irin kibod da aka raba haruffansa gida biyu, kowane hannu da nasa ɓangaren.

Ranar Asabar ta tasa Malam Ummaru gaba suka nufi Kambarawa, shagon wani Mati mai sayar da gwanjon kayan kwamfuta. Mati ya zubo mata kibod iri-iri yana yabon kowanne kamar dillalin shanu. Bashira ba ta saurare shi ba. Ta sa aka ba ta benci da tebur, ta riƙa ɗora hannu a kan kowanne tana rufe ido. Wannan maɓallansa sun yi tauri. Wancan an ɗaga masa ƙafafun baya, yana ƙara tanƙware wuyan hannu sama. Wani kuma dogo ne har ya ture linzamin kwamfuta can gefe, sai an miƙa kafaɗa kafin a kamo shi. Ta ture su duka.

Can a lungu ta hango wani an kife shi a kan kwanon abincin Mati don ƙuda. Ya yi tozo a tsakiya, haruffan sun rabu biyu sun karkace, ga faffaɗan leɓe a gaba. Mati ya yi dariya ya ce wannan ai zafin kwantena ne ya narkar da shi a hanya, shi ya sa ya mai da shi murfi. Ta ce ya miƙo. Ta goge miyar da ke jiki da gefen mayafinta, ta ɗora hannu. Tafukanta suka kwanta a kan leɓen, hannuwan suka buɗe daidai faɗin ƙirjinta kamar ta riƙe ƙwarya, kafaɗun suka sauka da kansu. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Malam Ummaru, da yake ya san matarsa, ya fara ciniki.

To, a nan wata sabuwar wahala ta ɓullo. Ashe duk shekarun nan Bashira tana da wata ɗabi'a da ba ta sani ba: yatsanta na dama kan tsallaka ya ɗauko haruffan da ke hannun hagu, na hagu ma ya rama. A shimfiɗaɗɗen kibod babu mai kama ta. A wannan kuwa, da yatsan ya tsallaka sai ya faɗa fili, ya daki roba. Matar da ake jin bugunta daga baranda ta koma tana lalube kamar 'yar koyo. Masinjoji suka sa wa abin suna Kunkuru. Masu shigowa su leƙo su tambaya ko mota ce ta taka shi. Wani akawu ya ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ta ce to shi ya bushe, ita da sauranta. Malam Ummaru ya ɗinka mata jaka da ragowar yadin shadda, kullum ta zo da abinta ta koma da abinta. Sauri bai dawo da wuri ba, amma zugin ya fara ja da baya, yatsun da suka mutu suka fara farfaɗowa.

Da an bar ta da lokaci, da shi ke nan. Sai ga kwamitin 'yan majalisa ya zo duba kayan da aka sayo wa ma'aikatu, sababbin shiga, kowa na neman abin da zai nuna shi ma yana aiki. Ɗaya daga cikinsu ya yi arba da Kunkuru a teburin Bashira. Kafin ta buɗe baki ya ɗaga shi sama yana nuna wa 'yan'uwansa irin lanƙwasassun kayan da ɗan kwangila ya kawo, darakta kuma ya sa hannu ya karɓa. Bashira ta ce nata ne, da kuɗinta ta saya, haka aka ƙera shi. Wa zai saurari taifis? Suka rubuta abin da suka rubuta, suka shiga motocinsu. Alhaji Lawal ya kwana biyu yana zarya yana rantse-rantse kafin maganar ta mutu.

Maimakon ya ji haushin wanda bai san kibod ba, sai ya huce a kan mai kibod. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ya kafa doka cewa kada a sake jona wani abu na waje a jikin kwamfutar gwamnati. Washegari Bashira ta zo ta jona abinta. Ya aiko a gaya mata, ta ce ta ji. Ya kira ta ya yi mata nasiha da taushin muryar nan tasa, ta kawo masa takardar likita, ya ce likita ba ta aiki a ma'aikatarsa. Da abin ya ishe shi ya yanke shawarar ba ta takardar tuhuma. Sai dai fa duk ofishin mutum ɗaya ke buga takardun darakta. Haka ya rubuta da biro ya aiko, Bashira ta zauna ta buga tuhumar kanta a kan Kunkurun da ake tuhumarta a kansa, har ta gyara masa wata jimla da ta karye. Ta kai ya sa hannu, ta karɓa, ta koma ta buga amsa.

Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Ranar wata Alhamis ya fito da kansa ya tsaya a gaban teburinta da takarda a hannu, bayansa wata yarinya mai suna Ma'u, sabuwar ɗauka, tana ta sunkuyar da kai. Takardar canjin wurin aikin Bashira ce, zuwa rajista, rubutun biro da ba a buga ba tukuna. Ma'aikata suka juyo.

"Malama Bashira," in ji shi, "ki cire abin nan yanzu a gabana, in yaga wannan. Ba na son mu rabu haka."

Bashira ta dubi shimfiɗaɗɗen kibod ɗin gwamnati da ke jingine a bango. Wallahi ta so kujerar nan. Ta san kowane tsagu na teburin, ta san lokacin da rana ke faɗowa ta tagar. Cirewa ɗaya, ta zauna abinta har fansho. Ta kuma san abin da zai biyo baya, don ta ɗanɗana.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "kujera taku ce, kwamfuta taku ce, ban musa ba. Hannu kuwa nawa ne. Na ba soja shi shekara da shekaru don ba a tambaya, aka mayar mani da shi a lalace. Wanga karo ba ni bayarwa. Kawo in buga."

Ta karɓi takardar daga hannunsa. Ta buga ta a natse, ba duka, ba gaggawa, sunanta da lambar fayil ɗinta da komai, yatsa ko ɗaya bai faɗa fili ba. Injin ya turo takardar, ta ɗora masa a kan tebur ta aza biro a kai. Alhaji Lawal ya tsaya yana jiran ta ce wani abu, ko roƙo ko zagi, ya samu abin kamawa. Ba ta ce ba. Mutane na kallo, shi kuma girman kai ya riga ya sha masa gaba. Ya sa hannu.

Ta zare wayar Kunkuru, ta naɗe, ta sa a jaka. Sannan ta jona wa Ma'u na gwamnati, ta zaunar da ita, ta dafa kafaɗunta ta danna su ƙasa, ta miƙar mata da wuyan hannu.

"Ɗiyata, ba ki yi mani laifin komi ba, daina ɓoye fuska. Taɓa shi kawai, kada ki daka. In kin ji zugi ya fara, kada ki bari a ce maki sanyi ne."

Ta bi ofis ɗaya bayan ɗaya ta yi sallama, kanta a sama, har da yi wa masinjoji barkwanci. Ta leƙa rajista ta ga inda za ta zauna ranar Litinin, tsakanin fayil da fayil, babu ko soket a bangon. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Sai da ta fita get ta hau bayan ɗan kabu-kabu, suka miƙa hanyar Ƙofar Guga, sannan abin ya kwance mata. Kuka ya zo mata irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta, jaka rungume a ƙirji, ɗaya hannun ya damƙe ƙarfen babur gam. Yaron ya rage gudu ya waiwayo a tsorace.

"Inna, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Ba wanda ya mutu," ta ce, tana share fuska da kafaɗa. "Ja mu je, ina da tuwon da zan tuƙa."