Muhibba da Bangon da Aka Shafe a Mpape

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran 'yata Muhibba a gangaren Mpape. Tifa ce ɗauke da tsakuwa birkinta ya tsinke, ta bi ta kan babur ɗin da ya ɗauko ta. Ɗan acaɓan ya tsira da karaya. Ita ko asibiti ba a kai da ita ba. Kafin magariba an kai ta makwancinta, ta bar mijinta Rilwanu da 'yarsu Nafeesa wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

An ce mini uwa ba ta irin wannan rubutun, nata haƙuri ne da carbi. Na ji. Na yi shiru har aka tashi daga zaman makoki. Amma Muhibba, ba ke ce 'yar fari ba, babu kunyar da za ta hana ni kiran sunanki, kuma akwai maganar da in na haɗiye ta Allah zai tambaye ni.

Kin san ni ba mai yabon 'ya'ya ba ce. Yaron da ake yawan yabo lalacewa yake yi, haka na tashe ku, kuma ban ga abin da ya ragu a jikinku ba. Yau dai da ba za ki ji ba balle kanki ya kumbura, zan faɗa. Tun kina ƙarama ba kya yarda da "kamar". In aka ce abu ya yi girma, sai kin ɗauko tef ɗin ɗinkina kin gwada. Sau nawa na zane ki a kan tef ɗin nan. Da mahaifinku ya kwanta ciwon ajali, 'yan'uwanki waya suke bugowa, ke ce kike barin Garki bayan an tashi daga aiki ki zo Kurudu ki juya shi, ki yanke masa farce, ki saurari labarin da ya riga ya ba ki jiya kamar yau kika fara ji.

Aikinki duba lafiyar gine-gine ne a wani kamfani, kuma na daɗe ban gane me kike yi da hotuna a kwamfuta ba. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma ba na son a bar ni a duhu, don haka na sa ki zauna ki yi mini bayani. Kika ce hoton waya ba abu ɗaya ba ne, ɗigo-ɗigo ne ƙanana jere da juna, kowane ɗigo da lambarsa: mai haske lambarsa babba, mai duhu ƙarama. Sai ki ja miƙaƙƙen layi a kan hoton, kwamfuta ta bi layin tana ɗaukar lambar kowane ɗigo, ta fitar da zane mai hawa da sauka. Inda bango yake lafiya zanen yana tafiya a miƙe. Inda ya tsage, da yake tsaga duhu ce, sai zanen ya faɗa kamar rami. Faɗin ramin shi ne faɗin tsagar, tunda kina kafa rula a jikin bangon kafin ki ɗauki hoto.

Na ce ban gamsu ba. Sai kika ɗauki hoton fuskata, kika ja layin daga saman goshina zuwa tsakanin gira. Zanen ya yi ta faɗawa rami bayan rami. Kika nuna mafi zurfin kika ce, "Mama, wannan na haɗe rai ne. Wannan ƙaramin kuma ranar da na ce kimiyya zan karanta ya fito." Na ce ki tashi ki ba ni wuri, mara kunya. Da kika fita na yi dariya ni kaɗai.

Monica ce ta kai ki Mpape, ba da mugun nufi ba. Matar da take mini wanki ce, mutuniyar Filato, can take haya, ɗanta yana wata ƙaramar makarantar kuɗi ta Madam Prudence. Wata rana tana shanya ta ce, "Mama, in masu fasa dutse ya sa nakiya, ƙasa yana zubowa a kan yara a aji. Kullum sai na kaɗe kan yaro na." Ni na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da abin da nake yi. Ke kika ajiye cokali kika tambaye ta wane bango ne.

Daga nan kika mayar da Asabar ɗinki ta Mpape. Babu wanda ya aike ki, babu wanda ya biya ki. Kina hawa tudun nan da rula da waya, ki tsaya wuri ɗaya, ki ɗauki bangon ajin ƙananan yara, wanda rufin kwano ya dogara a kansa. Kina dawowa ki ja layinki daidai inda kika ja na baya. Na ga zanukan da idona, kin jera su. Ramin watan farko siriri ne. Na bayansa ya fi shi. Kafin azumi, ramin ya buɗe baki yadda ko ni da ban san aikin ba na gane bangon nan rabuwa yake yi. Kika gaya wa Madam Prudence a fitar da yaran daga ajin kafin ruwa ya sauka. Ta ce ita 'yar haya ce, sai abin da mai gida, Alhaji Lawal, ya ce.

A nan ne mutanen unguwar suka nuna miki halinsu. Na san abin da suke tsoro, ban ce ba su da dalili ba. Wanda ya zauna a Mpape da fargabar rusau yake kwana, duk wanda ya zo da takarda da kyamara gani suke katafila na biye da shi. Amma tsoro ba ya halatta ƙarya. Suka sa miki suna 'yar rusau. Matan da kika je domin 'ya'yansu suna ganinki suke shigewa gida su ja ƙofa. Kika rantse musu babu ofishin da za ki kai hoton, bangon kawai kike so a sauke a sake ginawa. Ba su ji ba. A cikin azumi Alhaji Lawal ya kawo magini, aka cusa siminti a tsagar, aka shafe, aka bi da fenti ruwan madara. Da kika tambaye shi, cewa ya yi, "Haba 'yata, gyaran Sallah ne. Ina tsagar take? Nuna mini."

Kika dawo gida kika ja layi a kan sabon hoton, ya tafi a miƙe ɗoɗar. Ban taɓa ganin ranki ya ɓaci kamar ranar ba. Kika ce da sun bar shi a buɗe, aƙalla kowa yana ganin abin da zai kashe shi.

Na ce to ki bar su. Na gaya miki ke matar aure ce mai ƙaramar yarinya, ba a kan tudun masu zaginki ya kamata Asabar ta same ki ba. Har yau ina kan maganata, da kin ji da kina nan. Amma ba ki taɓa jin magana in dai lamba ta ce miki wani abu daban ba. Ranar Juma'ar ƙarshe kika zo da kwamfutarki kika ce in duba. A hoton bango ne sumul, fenti yana sheƙi, na ƙura ido ban ga komai ba. A zanen kuwa ga wani ɗan lotsawa, daidai inda tsohon ramin yake. Kika ce, "Ido bai kai ba tukuna, Mama, amma ta dawo. Simintin sama ya rufe, ƙasan yana nan yana tafiya. Gobe zan ɗauko wani, in ya ƙaru ba mai musu." Kin ɗauko. Yana cikin wayar da tifa ta niƙe.

Mutanen Mpape sun zo mini gaisuwa. Mota guda suka cika. Matan da suka rufe miki ƙofa suka zauna a tabarmata suna share hawaye, suna cewa ba su taɓa ganin mai kirki kamarki ba. Madam Prudence ta durƙusa ta riƙe ƙafata. "Hajiya, sori. Yarinyan nan tana son yaran mu. Ni ba ni da ƙarfi, oga ne mai gida." Alhaji Lawal ya aiko da buhun shinkafa, sannan ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa na ce, "Alhaji, bangon fa?" Ya ce, "Hajiya, yau ba ranar wannan ba ce. Allah ne mai tsarewa." Na ce haka ne, kuma shi ne ya ba ka ido da hankali, zai tambaye ka me ka yi da su. Yayata ta taɓa ni in yi shiru. Shinkafar tana nan a zaure ban buɗe ba, duk ranar da ya so ya aiko a ɗauka.

Ba na cewa su suka kashe ki. Kwananki ne ya ƙare, da kina kan gadonki ma da ya same ki. Abin da nake cewa shi ne, ba a zagin mutum yana raye don ya faɗi gaskiya, sannan a zo a yabe shi a kan tabarmar makoki alhali gaskiyar tana nan an shafe ta da fenti. Wannan yabon ba na so. Ku riƙe abinku.

Ruwan farko ya riga ya sauka. Nakiya ba ta daina tashi ba. Ranar Litinin ake komawa makaranta bayan hutun Ista, kuma har yanzu benci yana jere a jikin bangon nan. Monica ta cire ɗanta, sauran iyayen sun ce ai an gyara. Rilwanu ya buga mini zanukanki a takarda, daga siririn farko har ɗan lotsawar ƙarshe. Gwiwata ba ta son tudu, kuma ban taɓa taka Mpape ba, amma ranar Litinin Monica za ta riƙe mini kujera mu hau. Zan zauna a ƙofar ajin. Duk uwar da ta kawo ɗanta sai ta kalli takardar nan, in yi mata bayani yadda kika yi mini, sannan in tana so ta wuce ta gabana ta shigar da shi. In sun ga dama su kira ni uwar 'yar rusau. Na haife ki, ba zan musa ba.

Ya Allah, ka jiƙan Muhibba, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka karɓi hawan tudun nan da ta yi a matsayin sadaka mai gudana, ka haɗa ta da mahaifinta a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rilwanu, wanda bai taɓa hana ta alheri ba, da iyayensa, da 'yan'uwanta, da abokan aikinta. Allah ya raya Nafeesa, ya ba ta zuciyar uwarta, ya haɗa ta da mutanen da suka fi waɗanda uwarta ta samu. Ya ba ɗan acaɓan nan lafiya. Mu kuma ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Bangon kuwa, ya Ubangiji, ka riƙe shi da ikonka har a fitar da yaro na ƙarshe daga ƙarƙashinsa. Amin.

Hajiya Larai, Kurudu, Abuja.