Kufan da Aka Kai Iya

A gidanmu na Mandawari, in an sauke tukunyar tuwon dare, Iya ba ta yarda a kashe wuta. Kakata ce ta wajen uba. Idonta ya tafi tun ban yi wayo ba, amma ko ƙuli ka gatsa a ɓoye sai ta miƙo hannu ta ce a san mata. Mukan zagaye murhu muna ture-turen wuri, ita tana gasa tafin hannu tana zuba mana labarin kura da dila.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba. Wai wani gari ne a kan tsauni, can kudu, ganuwarsa jeren duwatsu ce, babu laka. Wata safiya mahara suka hau. Wata yarinya ta ja ƙanenta ta cusa shi a rami gindin ganuwa, ta mirgino dutse ta toshe bakin, ta ce kada ya yi motsi sai ta dawo ta kira shi. Ba ta yi nisa ba aka kama ta, aka sa mata igiya a wuya. Dutsen kuwa ya fi ƙarfin yaro.

A nan Iya take tsayar da labarin. In muka dame ta da "sai me?", sai ta ce mu tashi mu ba ta wuri. Ni kam na tsani labarin nan, har gori nake mata wai ba ta iya ƙarshe ba.

Sai da na fara tasawa na gane ita ce yarinyar, don roƙonta ga Baba ɗaya ne kullum: ya kai ta kufan garinsu kafin ta mutu. Baba kuwa ya yi suna a cinikin gyaɗa, ba ya son unguwa ta tuna cewa sayo uwarsa aka yi. Da nacin ya ishe shi, ya ari motar lodin abokinsa, aka tafi da ni in riƙe mata sanda. Muka yi ta zagaye a bayan gari don ta ga kamar an yi nisa, sannan aka tsaya a wata rusasshiyar katangar laka cikin gonaki. Daga nan ina hango Dala.

Baba ya ce mata an iso. Iya ta durƙusa tana lalube da rarrafe, ƙaya tana yagar zanenta. Ta shafa katangar, ta murje ƙasar a yatsunta, ta daɗe. Duk da haka ta buɗe baki ta yi kira da wani yare da ban taɓa ji a bakinta ba. Yaron mota, wanda ya ji labarin a hanya, ya laɓe bayan katanga ya siranta murya ya ce, "Na'am, Yaya!" Direba ya tuntsire da dariya. Baba bai tsawatar ba, agogonsa kawai ya duba.

Iya ta miƙe ta karɓi sandarta. "Alhaji, Allah ya yi maka albarka, ka yi ɗawainiya," in ji ta. "Sai dai shi ƙanen nawa ba ya jin Hausa. Mu koma."

Daga ranar ba ta ƙara roƙonsa ba, tatsuniyar ma ta daina ta, kuma ba ta ga damina biyu ba bayan nan. Na daɗe ina jin haushin yaron mota, amma da na girma haushin ya koma kan wanda ya duba agogo, har yau bai sauka ba.

Yanzu ina da jikoki, ina kuma ba su labarin nan a bakin wuta. Su ma suna cewa ban iya ƙarshe ba. Sunan da ta kira sau ɗaya na ji shi, dariya ta rufe rabinsa. Ko da zan samu tsaunin nan yau, ban san me zan kira ba.