Ƙirga Goma Kafin Ki Miƙa

A gidansu kowa Yaya yake ce mata, har mahaifiyarta. Da ta gama digirin dakta a ilimin halayyar ɗan Adam, Mama ta ɗauka wahala ta ƙare. Sai ga Yaya ta sake rataya jaka, wai ta samu gurbin horo na shekara biyu a cibiyar da ake gwada yara masu otizim, larurar nan da wasu ke kira galahanga.

"Karatu kuma?" in ji Mama. "Ke dai likitar da ba ta allura, ba ta kuma gama makaranta."

Yaya ba ta hango wata wuya a aikin ba, don da otizim ta tashi a ɗaki ɗaya. Ƙaninta Auta shekararsa ashirin da shida yanzu, kuma kalmomin da ya taɓa furtawa ba su kai goma ba. Tun tana 'yar shekara tara ita ce bakinsa. Kafin ya kalli kofi ta kawo ruwa, kafin ya toshe kunne ta kashe rediyo. Mama kan ce Yaya tana jin ƙishin Auta kafin shi ya ji. Da wannan alfaharin ta shiga cibiyar, kuma shi ne ya kayar da ita.

Ɗakin gwajin ƙarami ne: gajeren tebur, kujeru biyu na yara, akwatin kayan wasa, kyamara a kusurwa, sai wani faffaɗan madubi a bango. A bayan madubin nan Farfesa ke zama, tsohuwar da ke horar da su, tana ganin komai ba a ganinta, da agogo a hannu. Dokarta guda ce. A hura wa yaro kumfar sabulu har ya ji daɗi, sai a rufe kwalbar tam, a ajiye a gabansa, a naɗe hannu, a ƙirga goma a zuci. A cikin daƙiƙa goman nan ake ganin yaron: zai kalli idonki, zai nuna da yatsa, zai yi magana, ko zai ja hannunki kamar yana jan mabuɗi? Abin da aka gani shi ake rubuta wa iyaye, bidiyon kuma ya shiga binciken cibiyar. Sai Farfesa ta karɓi bidiyo uku na mai koyo kafin ta sa hannu cewa ya isa ya yi gwaji shi kaɗai.

Saura wata ɗaya horon ya ƙare, biyu kawai aka karɓa wa Yaya. Bakwai an watsar, kuma duk laifin ɗaya ne: hannunta.

"Nawa kika ƙirga a nan?" Farfesa ta tambaya rannan, ta tsayar da bidiyo na bakwai.

"Goma, Farfesa."

"Huɗu. Ga agogo."

"Amma ai na san abin da yake so."

"Na san kin sani. To ba ke muke gwadawa ba. Me zan rubuta wa iyayensa? In ce Dakta tana da saurin fahimta? Wata takwas suka yi a layi, yanzu sai sun sake dawowa saboda ke."

Yaya ta fito kamar ta fashe don haushi. Ita da ta rubuta kundi mai shafi ɗari uku, ita da ta tsaya gaban malamai biyar ta kare shi ko gezau ba ta yi ba, wai ƙirga goma ce ta gagare ta, abin da ɗan aji ɗaya yake yi yana tsalle. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta ma sanin ta buɗe kwalbar. Da yaro ya fara motsa baki, hannun ya tafi abinsa, sai a bidiyo take ganin ɓarnar da ya yi. In ba ta samu sa hannun ba, shekara biyu sun tafi a banza, kuma ba ta ga bakin da za ta gaya wa Mama haka ba.

Dama ta ƙarshe ta zo ranar Laraba da safe, da wata yarinya 'yar shekara huɗu mai jan takalmi. Mahaifinta direban babbar mota ne, ya ajiye aikin yini ya kawo ta, kuma tun daga ƙofa yake duba agogo. Yaya ta hura kumfa, yarinyar ta bi ta tana ƙyalƙyala dariya. Sai Yaya ta rufe kwalbar, ta ajiye, ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kai.

Ɗaya, biyu, uku. Yarinyar ta ɗauki kwalbar ta girgiza. A biyar ta fara gunjin kuka.

"Dakta, a buɗe mata mana," in ji direban. "Ba kya ganin so take?"

Tana gani, ai ganin ne ciwon. Gumi ya karyo mata, yatsunta suna ƙaiƙayi, ta cije leɓe. A bakwai yarinyar ta gartsa wa murfin cizo. A tara ta tako, ta kama gwiwar hannun Yaya tana ja, tana dangwara kwalbar a jikin hannun, ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta kalli fuskarta ba. Goma. Yaya ta zaro hannu ta buɗe, kumfa ta cika ɗakin.

"Wata takwas muna jira don a sa min 'ya kuka?" direban ya ce, ransa a ɓace.

"Yi haƙuri, Malam. Yanzu mun ga yadda take roƙo. Ta san a wurin mutum ake neman taimako, kallon fuska ne bai zo ba tukuna. Daga nan za mu fara."

Farfesa ta sa hannu ba tare da ta yi murmushi ba. "Yau kin bari mun ga yarinyar," abin da ta ce ke nan.

Yaya ta isa gida biyar saura. Ƙarfe biyar lokacin shayin Auta ne, shekara ashirin da wani abu ba a taɓa fashi ba, kuma ita ce ta kafa tsarin tun suna yara. Yana zaune a kujerarsa ta kullum, yana ɗan kaɗa jiki. Ta kawo fulas da kofi ta ajiye a gabansa. Har hannunta ya kai ga murfi, sai ta janye shi, ta zauna a kai.

"Me kike jira?" Mama ta ce daga bakin kicin. "Zuba masa mana. Kin fara kawo mana aikin ofis gida ke nan?"

"Mama, ɗan dakata."

Auta ya kalli fulas ɗin, ya kalli kofin, kaɗa jikin ya ƙaru. A shida Mama ta yi tsaki. A takwas ya sa bayan hannu ya ture kofin gefe a hankali, ya miƙe, ya nufi firij. Ya buɗe, ya ɗauko kwalbar lemo mai sanyi, ya dawo ya dire ta a gaban Yaya, ya tsaya yana jira.

Mama ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe ba shayin yake so ba?"

Takardar da Farfesa ta sa wa hannu tana cikin jakar Yaya, amma ko ɗigon murna ba ta ji ba, sai takaici. Kullum tana zubawa, kullum yana shanyewa, ita kuma tana yawo tana cewa ta san shi ciki da waje. Ta buɗe lemon ta miƙa masa.

"Auta, tun yaushe?" ta tambaya.

Auta bai kalle ta ba. Ya kafa kai yana sha, bai sauke kwalbar ba sai da ya shanye tas.